Yadda Turken Sadarwa Ke Raba Sabis Tsakanin Dubban Wayoyi

A lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, jama'a kan yi dafifi a bakin kogin Matan Fada, kowa na son tura hoton giwan ruwa tun kafin a ɗora shi a sikeli. A irin wannan cunkoso ne mutum zai ga sabis ya cika fal a wayarsa, amma hoto ya ƙi tafiya. Cikar sabis na nuna wayar na jin turke da kyau ne kawai, rabon da za ta samu kuwa lissafinsa dabam ne.

Zangon da kowane kamfani ke aiki da shi a iska ƙayyadadde ne, kuma hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ce ke ba da lasisinsa. A Disamba 2021, kamfanonin MTN da Mafab kowanne ya ci gwanjon megahaz 100 a zangon gigahaz 3.5 a kan dala miliyan 273.6, domin 5G. Abin da aka saya da wannan tsada dole a yi tattalinsa.

A 4G, turke kan yanka zangon megahaz 20 zuwa kaso 100, sai manhajar da ke cikinsa ta riƙa raba kason ga wayoyi sau dubu a kowace daƙiƙa. Su kuma wayoyin suna ta aika mata rahoton kyawun sabis ɗinsu, da maki daga 1 zuwa 15. A 5G, megahaz 100 kan ba da kaso 273, rabon kuma sau dubu biyu ne a daƙiƙa.

To, wa za a fara ba?

Manoman shinkafa na fadamar Rima sun san wannan ciwon kai, idan injin ban-ruwa ɗaya ne, gonaki kuma da yawa. Shi ma turke hanyoyi uku ke gabansa. Hanya ta farko ita ce bi-da-bi, kowa ya samu daidai. Akwai adalci a ciki, sai dai wayar da ke nesa kan cinye kasonta ta ɗauki data kaɗan, jimillar aikin turken ta ragu. Ta biyu ita ce a fifita mai sabis mafi kyau. Nan aiki zai gudu, amma na kusa da turke ya wawushe komai, mutumin rugar da ke gefe ya tashi a tutar babu. Ta uku ce aka fi amfani da ita: a gwada abin da waya za ta iya ɗauka yanzu da abin da ta samu a ɗan lokacin baya. Wadda aka daɗe ba a ba ta ba, sai matsayinta ya hau. Frank Kelly na Jami'ar Kambirij ne ya shimfiɗa lissafin wannan daidaito a 1997.

Ana kuma duba irin saƙon. Kiran murya na gaba da sauke fim, domin magana ba ta jure jinkiri. 5G ta ƙara dabaru biyu: eriya mai baki har 64 da ke saita sigina kai tsaye ga waya, da kuma keɓe wani ɓangare na layi ga aiki na musamman, kamar asibiti ko hada-hadar kuɗi.

MTN ya fara 5G a 2022 a birane bakwai, ciki har da Abuja da Kano da Maiduguri, babu Birnin Kebbi, babban birnin jihar da Argungu take, a jerin farko. Zangon gigahaz 3.5 ba ya cin nisa kamar na megahaz 800, ba ya kuma ratsa bango sosai. Saboda haka ƙauyukan Kebbi sun fi buƙatar ƙarin turakun 4G, da wayar faiba da za ta haɗa su, da wutar da ba ta yankewa, kafin a kai ga zancen 5G.