Awo Kafin Ɗinki: Yadda Ake Daidaita Manhajar Vim da Kwamfutoci Mabambanta

Tun daga ranar 29 ga Maris 2024, lokacin da injiniya Andres Freund ya tona cewa an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin XZ Utils, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita, hankalin masu rubuta manhaja ya koma kan wani mataki da aka daɗe ana tsallakewa ba tare da waiwaye ba, wato daidaita rubutun tushe kafin a gina manhaja. Wanda ya yi ɓarnar ya cusa mabuɗinta ne a cikin fayilolin da ke gudanar da wannan daidaitawa, inda ya san ido ba ya kaiwa. Daga nan aka yi ta jin cewa matakin tsohon yayi ne da ya kamata a watsar, kuma a ƙarƙashin wannan magana akwai wani zato da ya fi ta yaɗuwa, cewa rubutun tushe, muddin a buɗe yake ga kowa, zai yi aiki a kowace kwamfuta kamar yadda yake. Zaton ba shi da tushe, kuma manhajar gyaran rubutu ta Vim ta isa shaida.

Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Vim ga jama'a a 1991 don kwamfutar Amiga, yana kwaikwayon manhajar vi da Bill Joy ya rubuta a 1976, kuma a 1992 aka kai ta tsarin Unix. Rubutun tushenta, wato umarnin da mutum ke rubutawa da harshen C kafin wata manhaja mai suna kwamfaila ta mayar da shi abin da na'ura ke ganewa, kusan duka ɗaya ne a ko'ina. Sai dai manhajar gyaran rubutu tana taɓa duk wuraren da manyan tsare-tsaren kwamfuta suka saɓa wa juna, domin dole ta buɗe fayil, ta karanta maɓallan da aka danna, ta zana haruffa a allo, ta kuma kira wasu manhajoji. Unix yana rufe layin rubutu da alama ɗaya, Windows da alamomi biyu, tsohon tsarin Macintosh kuma da wata alamar daban, kuma sai a 2018 Notepad ta Windows ta fara nuna fayilolin Unix yadda ya kamata. Sandar da ke raba sunayen manyan fayiloli tana karkata gaba a Unix, baya a Windows. Linux yana bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, Windows a al'adance ba ya bambantawa. Saboda haka ne aka ware wa kowane tsari fayilinsa a cikin Vim, irin su os_unix.c da os_win32.c da os_amiga.c da os_vms.c, aka kuma warwatsa sharuɗɗan da ake kira #ifdef a cikin sauran rubutun, waɗanda ke gaya wa kwamfaila ta ɗauki wannan yanki ta bar wancan bisa ga inda ake ginin.

Wannan saɓani ya shafi mai rubuta Hausa kai tsaye, domin haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin tsohon jadawalin haruffan Windows na Yammacin Turai, kuma a tsarin UTF-8 kowannensu yana cin ma'auni biyu na ajiya maimakon ɗaya. Shi kuma Windows a cikinsa da UTF-16 yake magana, don haka sai an yi juyi tsakanin tsarin biyu duk lokacin da aka nemi fayil mai irin wannan harafi a sunansa. Shekaru da yawa iya sarrafa irin waɗannan haruffa zaɓi ne da mai gina Vim zai iya kunnawa ko ya bari, kafin daga baya a mayar da shi wajibi.

Tambayar da ta fi wuya ita ce yadda rubutun zai san wane yanki ya dace da kwamfutar da ke gabansa. Hanyar farko da aka bi ita ce ta jerin sunaye, kamar yadda GNU Emacs ta daɗe tana ajiye fayil guda ga kowane tsari da fayil guda ga kowace irin na'ura, kafin a kawar da su. Hanya ta biyu ita ce ta Autoconf, wadda David MacKenzie ya fara a 1991, kuma ita Vim ke bi a Linux da BSD da macOS. Masu kula da manhajar suna rubuta jerin tambayoyi a fayil mai suna configure.ac, Autoconf kuma ta buɗe shi ya zama doguwar takardar umarni mai suna configure, mai layuka dubbai, wadda ke gudana a kan kwamfutar mai ginin. Bambancin hanyoyin biyu kamar na tela biyu ne: ɗaya ya tambayi garin da mutum ya fito ya yanka yadi bisa abin da ya sani game da mutanen garin, ɗayan kuma ya ɗauko tef ya auna kafaɗa da hannu da tsawo. Takardar configure ba ta tsaya ga sunan tsarin ba, takan rubuta 'yan ƙananan manhajoji na gwaji, ta miƙa wa kwamfaila ɗaya bayan ɗaya, ta ga wanda ya ginu da wanda ya ƙi, sannan ta zuba sakamakon a fayil mai suna config.h. Ta haka take gano ko akwai ɗakin ajiyar umarni na ncurses don sarrafa allo, ko akwai X11 da GTK don tagogi, ko akwai Python. Amfanin wannan a fili yake, domin tsarin da ba a ƙirƙira ba tukuna lokacin da aka rubuta tambayoyin zai iya amsa su ya sami manhaja mai aiki.

A Windows kuwa ba a cika yin wannan awo ba, tunda kamfani ɗaya ne ke fitar da tsarin kuma an san abin da ke cikinsa. Akwai fayilolin gini da aka rubuta da hannu, irin su Make_mvc.mak don kwamfailar Microsoft, mai gini kuma ya faɗi abin da yake so a layin umarni.

Raunin hanyar awo yana wuri guda, kuma shi ne abin da masu cewa a watsar da ita da masu kare ta duka suka cika mantawa. Idan gwaji ya ƙi ginuwa, configure ba ta da hanyar sanin dalili, don haka takan ɗauka cewa kwamfutar ba ta da abin da ake nema, ta kashe wannan sashe, ta ci gaba ba tare da ta tsaya ba. Duk wanda ya gina Vim a Linux ba tare da fayilolin gini na X11 ba zai iya samun manhaja da ke buɗewa lafiya, amma ba ta iya kwafe rubutu zuwa wasu manhajoji, kuma ba zai gane ba sai ya buga umarnin :version ya ga alamar ragi a gaban kalmar clipboard inda ya zaci alamar ƙari. Ga shi kuma ana gina Vim a girma daban-daban, daga ƙarama zuwa cikakkiya, har Debian tana rarraba ƙunshi mai suna vim-tiny da wani mai suna vim-gtk3, saboda haka mutum biyu za su iya cewa Vim suke amfani da ita alhali abin da ke hannunsu ba ɗaya ba ne. Da yawa daga ƙorafin da ake ɗora wa manhajar ko tsarin Linux daga nan ya samo asali.

Wannan shirun ne aka yi amfani da shi a XZ. Baya ga ɓoyayyiyar ƙofar da ke cikin siga ta 5.6.0 da ta 5.6.1, mai amfani da sunan Jia Tan ya saka ɗigo guda a cikin ƙaramar manhajar gwajin da ke duba ko akwai Landlock, wani shingen tsaro na Linux, ɗigon ya sa gwajin ya faɗi a kowace kwamfuta, shingen kuma ya kasance a kashe kamar dai tsarin ne ba shi da shi. Abin lura shi ne wannan ɗigo a fayilin CMake aka saka shi, wato sabuwar hanyar da ake cewa a koma gare ta, ba a na Autoconf ba. Sauya kayan aiki na iya rage yawan layukan da za a karanta, wanda ba ƙaramin amfani ba ne, amma ba ya kawar da buƙatar tambayar kwamfuta abin da take da shi, kuma duk inda ake tambaya ana iya gurɓata amsa. Abin da ya ba ɓarnar XZ mafaka shi ne ƙunshin da aka rarraba ya ƙunshi fayilin da babu shi a ma'ajiyar da jama'a ke dubawa. Vim tana ajiye takardar configure da aka riga aka haifar a cikin ma'ajiyarta, saboda haka mai shakka zai iya sake haifar da ita ya kwatanta, ko da yake damar kwatantawa daban take da samun wanda ya zauna ya yi.

A nan ne sakacin yake, kuma ba na masu aikin sa-kai ba ne. Kamfanoni da hukumomi da jami'o'i suna ɗora manyan ayyukansu a kan manhajojin da ba su biya ko sisi ba, ma'aikatansu kuma sukan buga umarnan gini na configure da make da make install a jere, sau da yawa da cikakken ikon mai gudanarwa, ba tare da sun karanta ko layukan ƙarshe na sakamakon ba. Kulawa da kowane tsari tana buƙatar mutum mai irin na'urar da kuma lokacin gwadawa, kuma idan aka rasa shi, sashen yakan ruɓe a hankali, kamar yadda Vim ta cire goyon bayan MS-DOS da OS/2 a siga ta 8.0 a 2016 bayan sun daɗe babu mai kula da su. Moolenaar ya rasu ranar 3 ga Agusta 2023, bayan ya shafe fiye da shekara 30 yana riƙe da wannan aiki, masu sa-kai suka ci gaba har suka fitar da siga ta 9.1 a Janairu 2024, kuma fayilolin Amiga da na VMS suna nan a cikinta, kowanne yana dogaro da 'yan tsirarun mutanen da har yanzu ke iya gwada shi.