Ko Ka Sani? Tarkon da Ke Kama Hoto a Dutsen Termit

Ko ka san cewa a jihar Damagaram akwai dabbar da masu bincike suka fi sanin sawunta a kan fuskarta, har sai da wani ɗan akwati da aka ɗaure a daji ya ɗauko musu hotonta cikin dare? A shekarar 2010 abin ya faru, a dutsen Termit, can arewa maso gabas, bayan an wuce Gure da Tasker. Dabbar ita ce rabbin hamada, mai zubin damisa amma siriri, mai dogayen ƙafafu, wanda danginsa suka fi kowace dabbar tudu gudu. Na Termit ya koɗe ya yi fari-fari, ɗige-ɗigen jikinsa sun dushe, ga shi a rame. Ƙungiyar Sahara Conservation Fund ce ta kafa na'urar tare da masana daga Jami'ar Oxford ta Ingila, kuma a ƙiyasinsu na lokacin, rabbin da suka rage a yankin ba su kai goma ba. Ga ƙarancin dabba, ga faɗin ƙasa, ga shi tana wuni a inuwar duwatsu sai dare ta fito. Gani ya kori ji, amma wa zai tsaya jiran ganin?

Tarkon hoto shi ne mai jiran. Ɗan akwatin roba ne mai launin ƙasa, ana iya riƙe shi da hannu ɗaya. A cikinsa akwai batir da katin memori irin na waya. A goshinsa kuma abu uku ne: idon kyamara, da fitila mai hasken da idon mutum da na yawancin dabbobi ba ya gani, sai wata 'yar taga mai jin ɗumi. Wannan tagar ita ce kunamar tarkon. Mutane da yawa suna zaton motsi take gani, alhali abin da take ji shi ne sauyin zafi. Kowane jiki yana fitar da ɗumi, dutse da ciyawa da dabba duka. Tagar ta yanka filin da ke gabanta gida-gida, to idan wani abu da zafinsa ya bambanta da na bayansa ya ratsa daga wannan gida zuwa wancan, sai ta tada kyamara, kafin daƙiƙa ɗaya ta cika an ɗauki hoto, an buga masa rana da sa'a. Daga nan na'urar ta koma barci. Shi ya sa batir ke kai ta watanni.

Dabarar kanta ta tsufa. Tun wajajen 1890 wani Ba'amurke, George Shiras, yake ɗaure zare a kan hanyar dabbobi, wadda ta taɓa sai garin magnesiyam ya yi walƙiya, ta ɗauki hoton kanta. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906.

Amma na'urar da aka ƙera don dazuzzukan Amurka masu sanyi, in ta zo ƙasarmu sai ta gamu da gamonta. A watan Afrilu ko Mayu, da rana tsaka, yashi da dutse sun fi jikin barewa zafi nesa ba kusa ba. Da asuba kuwa barewa ta fi su. Ke nan sau biyu a rana akwai lokacin da zafin dabba da na ƙasa suke zuwa daidai, kuma a wannan ɗan tsakanin dabba na iya wucewa ta gaban kyamara salin-alin, ba a san ta wuce ba. Ɗaya matsalar kishiyar wannan ce. Iska ta kaɗa busasshiyar ciyawar da rana ta gasa, ko inuwar reshe ta yi ta kai da komo a kan dutse mai zafi, sai na'ura ta yi ta ɗauka, hoto ɗari, hoto dubu, duk na ciyawa, har kati ya cika batir ya mutu. Ga ƙurar hunturu da ke rufe gilashi, ga kura da kan gwada haƙorinta a kan akwatin, ga raƙumi da zai zo ya sosa wuyansa ya karkatar da ita sama.

Saboda haka kafa ta ma sana'a ce. Ana ɗaure ta daidai gwiwa ko ƙugu, gwargwadon dabbar da ake nema, a jikin kandili ko aduwa, in babu itace a kafa ƙarfe ko a tara duwatsu. Ana juya fuskarta arewa ko kudu, don kada rana ta dake ta a ido da safe ko da yamma. A tsuguna a cire ciyawar da ke gabanta da hannu. Sannan wani ya yi rarrafe ya ratsa ta gaba don a gwada ko ta kama, shi ya sa sau da yawa hoton farko a katin na babban malami ne yana tafiya da ƙafa huɗu. Sauran aikin kuwa, wato sanin inda za a kafa, ba ya cikin takardar da ta zo da na'ura. Yana wurin makiyayan Tubawa da masu bin sawu, waɗanda za su dubi ƙasa su ce rabbi ya wuce nan shekaranjiya, kuma ga itacen da yake yi wa fitsari don shata iyakarsa.

To an kwaso katuna an dawo gari. Nan wata wahalar take farawa, kuma a nan kwamfuta ta shigo. Misalin da aka fi sani daga Tanzaniya yake. A gandun Serengeti an kafa kyamarori 225 tun 2010, kuma zuwa 2013 sun tara jerin hotuna miliyan 1.2. Kusan kashi uku cikin huɗu babu dabba a ciki. Sai da aka zuba su a intanet, 'yan sa-kai kimanin 28,000 suka yi ta dubawa suna rubuta sunan abin da suka gani. A 2018 wasu masana, Mohammad Norouzzadeh da Jeff Clune da abokan aikinsu, suka ɗauki hotuna miliyan 3.2 na wannan taska suka koyar da kwamfuta da su. Ta iya bambance nau'i 48, tana dacewa a kusan kashi 94 cikin ɗari. Da aka ce ta riƙa ajiye wa mutum waɗanda take shakka a kansu, sai ta gama da fiye da kashi 99 cikin ɗari na aikin, da daidaito irin na 'yan sa-kan. Sun lissafta cewa hakan ya tanadi sa'o'in aiki sama da 17,000.

Yaya take koyo? Kamar yaron da aka fara tura kiwo ne. Ba wanda ke zaunar da shi ya karanta masa siffofin akuya. Yana gani, yana kuskure, ana ce masa a'a, waccan ta maƙwabta ce, har idonsa ya faɗa. Ita ma ana nuna mata hoto, ta yi hasashe, a gaya mata amsa, ta ɗan gyara miliyoyin lambobin da ke cikinta, a sake nuna mata wani. Bayan an maimaita haka sau miliyoyi, in ta ga sabon hoto sai ta ba da suna tare da ma'aunin yadda ta tabbata. Ba ta san mene ne barewa ba. Ta dai san irin zanen haske da duhu da aka saba kira barewa.

Yau akwai irin waɗannan manhajoji kyauta. MegaDetector, wadda aka fara a kamfanin Microsoft, ba ta ma damu da suna ba, tambayarta ɗaya ce: akwai dabba, ko mutum, ko mota a hoton nan? A ganina ita ta fi amfani ga mai aiki a Sahel, don ita ke share hotunan ciyawa. A watan Maris na 2025 kamfanin Google ya saki SpeciesNet, wadda aka horar da hotuna sama da miliyan 65. A Gabon ma'aikatan gandun daji suna amfani da Mbaza, wadda ke aiki a kan kwamfutar hannu ba tare da intanet ba, abin da duk wanda ya taɓa neman sabis bayan Tasker zai yaba.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Kwamfuta ta fi gwaninta a kan abin da ta fi gani, mu kuwa abin da muke nema shi ne wanda ba a cika gani ba. Jakin dawan Serengeti yana da hotuna dubbai bisa dubbai. Rabbin Termit nawa gare shi? Farin gindi, barewar nan doguwa mai jan wuya wadda 'yan gommai kawai suka rage a Termit, nawa gare ta? Na'urar da ba ta saba da su ba za ta laƙaba musu sunan wani ɗan'uwansu na gabashin Afirka, ta kuma yi hakan da cikakken ƙarfin gwiwa. Sara Beery da abokan aikinta sun nuna a 2018 cewa manhajar da ta ƙware a inda aka horar da ita takan yi tuntuɓe sosai in aka kai ta sabon wuri, domin ba dabbar kaɗai ta haddace ba, har da bayan hoton. Kuskure a kan jakin dawa ɗaya cikin dubu ba komai ba ne. Kuskure a kan rabbi ɗaya cikin goma kuwa, an shafe kashi goma cikin ɗari na al'ummarsa a takarda.

Akwai inda kwamfuta take haskakawa, ba a musu. Dabba mai zane a jiki kowace da nata, ba ya maimaituwa. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996 kafin su haura 600, da hoton zanen jikinsu ake ƙidaya su ɗaya-ɗaya, har da takwas ɗin da aka kai gandun Gadabeji na jihar Maraɗi a Nuwamban 2018. Daidaita zane da zane aiki ne da kwamfuta ta iya.

Labarin warwaji shi ne ke sanyaya jiki. Farar dabba ce mai murɗaɗɗen ƙaho, tana iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, kuma hamadar Tin Tumma da ke gabas da Termit ita ce ta kasance babbar matattararta ta ƙarshe a daji. Wajajen 2010 ana ƙiyasta kusan 200. A watan Maris na 2012 gwamnatin Nijar ta ayyana Termit da Tin Tumma gandun da aka keɓe, mai faɗin murabba'in kilomita 97,000. Amma tun 2008 kamfanin CNPC na Sin yake aikin man fetur a Agadem, man da ake tacewa a matatar SORAZ da ke arewa da birnin Damagaram. Hanyoyi suka buɗe, motoci da bindigogi suka yawaita. A Maris na 2016 aka yi shawagi da jirgi fiye da kilomita 3,200 ba a ga warwaji ko ɗaya ba, masu bi ta ƙasa suka yi kilomita 700 suka ga uku. A 2019 aka sake shata iyakar gandun, aka fitar da yankin man. Duk wannan ya faru ana ƙidaya, ana rubuta rahoto. Kuma warwaji ma ba dabbar tarkon hoto ba ce sosai, don ba ta da hanya ɗaya da take bi, ba ta zuwa rijiya, tana bin ciyawa duk inda ruwa ya ɗan zuba.

Mutumin Tirmini zai ce, to mu ina ruwanmu, tunda namu dajin ya zama gonakin gero? A Tirmini, garin da aka gwabza da sojojin Faransa a 1899, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, lokacin da ayarin Damagaram ke kai gashin jimina Tarabulus, yau mai son ganin jimina sai ya nufi Kelle, inda ake kiwonta a killace don kada irinta ya ƙare. Amma dare bai zama kango ba. Ɗauki yanyawa, wadda duk manomin Sahel ya san raminta. Har zuwa 2012 hukumar IUCN, mai jera dabbobin duniya gwargwadon haɗarin da suke ciki, tana ajiye ta a rukunin waɗanda babu isasshen bayani a kansu. Abin da tsohon maharbi ya sani sarai, littafin duniya bai sani ba, don ba wanda ya rubuta.

'Yan kyamarori a gindin duwatsun da ke kewayen Tirmini, a hannun ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da maharba biyu-uku a gaban allo suna cewa wannan dila ce, wannan yanyawa, wannan muzurun daji ne ba na gida ba, za su samar da irin hotunan da manhajojin nan suke ƙishirwa. Sai dai a fara da ƙofar mai gari. Kyamara ba ta bambance dila da matar da ta fito itace, ko yaron da ya zaga bayan dutse, kuma kafin a ɗaura ko guda ɗaya ya kamata mutanen gari su san inda take, da wanda zai ga hotunan, da ranar da za a goge nasu.