Abin da mai ƙaramar sana'ar kare muhalli zai lura da shi kafin ya gina shafin intanet

A 'yan shekarun nan ƙananan sana'o'in da ke da nasaba da kare muhalli sun yawaita a garuruwanmu. Akwai masu curin gawayi daga ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa, da masu narka ledar fiyawata su yi bulon shimfiɗa tsakar gida, da masu ƙera murhu mai tsimin itace, da masu haɗa sola, da masu renon dashen itatuwa. Kusan dukkansu matsalarsu ɗaya ce: kayan da suke sayarwa sabo ne ga jama'a, kuma mai saye ba ya rabuwa da abin da ya saba sai an gamsar da shi. Matar da ta shekara 20 tana girki da gawayin itace ba za ta koma na ɓuntu ba don kawai an ce mata yana kare daji. So take ta san tsawon lokacin da yake ɗauka yana ci, da yawan tokarsa, da ko kuɗinta zai fi auki.

A nan ne shafin intanet ke da amfani, kuma a nan ne da yawa ke kuskure. Sai a kashe kuɗi a yi shafi kore shar, da hoton ganye da na duniya a tafin hannu, amma babu farashi, babu adireshin shago, babu amsar ko ɗaya daga cikin tambayoyin mai saye.

Me ya sa Facebook da WhatsApp ba su wadatar ba?

Tambaya ce da ta dace, domin ƙananan 'yan kasuwa da yawa a can suke cinikinsu, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar su. Sai dai mai sana'a ɗan haya ne a waɗannan dandali. A ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duk duniya. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022. Wanda duk masu sayen kayansa a dandali ɗaya suke, ya ji a jikinsa. Ban da haka, ana iya rufe wa mutum shafi ko a yi masa kutse a wayi gari ba shi da komai.

Dalili na biyu ya fi shafar masu sana'ar muhalli. Manyan masu sayen kayansu sau da yawa makarantun kwana ne, da gidajen burodi, da otal-otal, da ƙungiyoyin da ke ba da tallafi. Irin waɗannan kafin su saki kuɗi sai sun bincika sunan kamfani a Google. Idan ba su ga komai ba sai hotuna a warwatse, sukan wuce.

Sunan shafi da wanda ya mallake shi

Abu na farko shi ne adireshin shafin. Mai sana'a a Najeriya yana iya ɗaukar wanda ya ƙare da .ng ko .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su ta hannun kamfanonin da ta amince wa yin rajista. Na .com.ng ya fi sauƙi, 'yan dubban Naira ne a shekara, kuma da Naira ake biya, wanda ba ƙaramin rangwame ba ne idan aka tuna yadda Dala ke hawa da sauka. Ya kamata sunan ya zo daidai da wanda aka yi wa rajista a Hukumar CAC, gajere, wanda za a iya faɗa a waya ba sai an maimaita sau uku ba.

Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne wanda aka rubuta a matsayin mai shi. Al'adar da aka saba ita ce a ba wani matashi kwangilar gina shafi, shi kuma ya yi rajistar komai da imel ɗinsa. Ranar da aka saɓa, ko ya bar gari, ko ya canza lamba, shafin ya tafi da shi, alhali adireshin yana buge a jikin buhuna da allon shago. Mai sana'a ya tsaya kai da fata a yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa, kalmar sirri kuma ta zauna a hannunsa. Wannan ba rashin yarda ba ne. Ko ɗan'uwanka ne ya gina maka gida, takardar fili da sunanka ake yi.

Nauyin shafi

Kowane shafi yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ba a kashewa, a cibiyar adana bayanai da ke shan wuta dare da rana, ga kuma na'urorin sanyaya ta. Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa irin waɗannan cibiyoyi sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar lantarkin duniya a 2024. Duk lokacin da wani ya buɗe shafi, sai bayanai sun taso daga can, sun bi ta wayoyin ƙarƙashin ƙasa da turakun sadarwa, waɗanda a ƙasar nan da yawansu dizal ke riƙe da su, kafin su iso wayarsa. Gwargwadon nauyin shafi, gwargwadon wutar da ya ci.

Sai dai kada a zuzuta. Shafin mai gawayi a Kura, wanda mutum ɗari ko ɗari biyu ke leƙawa a wata, hayaƙin da yake jawowa bai kai na tafiyar Keke Napep ɗin da ke kai masa kaya ba. Ainihin ribar shafi marar nauyi tana wajen mai saye ne. A Janairun 2025 Hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Matsakaicin shafi a intanet a yau ya haura megabayit biyu, kuma akwai masu ninka haka sau biyar saboda bidiyon da ke kunna kansa. Mutumin da ke ƙauye da ƙaramar waya da sabis mai rauni ba zai tsaya jira ba. Da ya ga shafi yana juyi, sai ya fita, kuma ba lalle ya dawo ba. Saboda haka a wannan gaɓar kare muhalli da neman ciniki hanya ɗaya suka bi.

Hotuna ne suka fi komai nauyi. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabayit uku ko huɗu. Idan aka rage girmansa aka mayar da shi tsarin WebP, yana iya komawa ƙasa da kilobayit 150 ba tare da ido ya ga bambanci a fuskar waya ba. Bidiyo a bar shi a YouTube a sa mahaɗinsa kawai, wanda yake so ya danna. Hotunan da ke zagayawa da kansu a saman shafi, da rubutu mai tsalle-tsalle, duk ado ne da mai saye ke biya da datarsa. WordPress, wanda sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke kansa, yana da kyau domin mai sana'a zai iya koyon sauya farashi da kansa, amma masu gini sukan cika shi da ƙarin manhajoji har ya yi nauyi. Kafin a biya cikon kuɗin aiki, a sa adireshin a PageSpeed Insights na Google, kyauta ne, sannan a gwada buɗe shi da tsohuwar waya a inda sabis ba shi da ƙarfi. Gwajin na biyu ya fi faɗin gaskiya.

Akwai waɗanda suka kai abin maƙura. Tun 2018 mujallar Low-tech Magazine take tafiyar da shafinta da wata 'yar kwamfuta mai amfani da sola a birnin Basalona na Sifaniya, har shafin yana nuna saura nawa batirin ya ƙare, kuma idan hadari ya daɗe yakan ɗauke. Ba abin koyi ba ne ga mai neman ciniki, amma ya nuna ƙanƙantar abin da shafi ke buƙata a haƙiƙa.

Batun masauki, wato kamfanin da zai ajiye shafin, bai kamata ya ɗauki lokaci ba. Gidauniyar Green Web Foundation tana da kundin kamfanonin da suka gabatar da shaidar amfani da makamashi mai sabuntuwa, kuma ana iya duba kowane adireshi a can kyauta. Wanda ya samu a cikinsu da kuɗin da zai iya, madalla. Wanda bai samu ba ya ɗauki mai tsayayyen aiki da ke amsa waya idan an kira, ya tabbatar an sa masa makullin tsaro na https, wanda Let's Encrypt ke bayarwa ba tare da ko kwabo ba.

Abin da za a rubuta

Nan ne gizo ke saƙa. Kalmomi irin su “mai kare muhalli ɗari bisa ɗari” da “ba ya gurɓata iska ko kaɗan” sun zama ruwan dare har sun daina nufin komai. Wani bincike da Hukumar Tarayyar Turai ta yi a 2020 ya gano cewa sama da rabin iƙirarin muhalli da ya duba, kashi 53 cikin 100, ko dai dunƙule suke, ko masu ruɗarwa, ko marasa tushe. Birtaniya ta fitar da ƙa'idojin irin wannan talla a 2021, Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2024 da ta hana iƙirari na gaba ɗaya ba tare da hujja ba. Mai fatan fitar da kaya waje ya kwana da sanin haka. A gida ma, dokar kare masu saye ta 2018, wadda Hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta yaudarar mai saye game da siffar kaya.

Mu koma kan mai gawayin ɓuntu. Idan ya rubuta cewa gawayinsa “ba ya hayaƙi, ba ya da illa”, ya faɗi abin da ba haka yake ba, kuma yana iya jawo asarar rai. Duk gawayi, na itace ne ko na ɓuntu, yana fitar da iskar nan mai guba marar wari, wadda kan kashe mutane a ɗaki rufe, musamman da hunturu lokacin da ake shiga da kasko don jin ɗumi. Shafin kirki zai faɗi cewa hayaƙin ya fi na itace ƙaranci, sannan ya gargaɗi mutane kada su kwana da shi a ɗaki. Zai kuma faɗi daga wane injin casa ake samo ɓuntun, da abin da ake haɗa curin da shi, sitacin rogo ne ko wani abu, da nauyin buhu, da minti nawa kilo ɗaya ke ɗauka yana ci bisa gwajin da mai sana'ar ya yi da kansa. Idan tokarsa ta fi ta gawayin itace yawa, wanda sau da yawa haka ne ga na ɓuntun shinkafa, a faɗa. Mai gidan burodin da ya ji haka daga bakinka zai fi sake dawowa a kan wanda ya gano da kansa.

Haka mai bulon leda: maimakon ya ce yana “ceto duniya”, ya faɗi kilo nawa na leda ya saya daga hannun 'yan jari-bola a watan jiya, idan yana da littafin da ya rubuta, da yadda yake kare ma'aikatansa daga hayaƙin narkawa. Mai sola ya faɗi tsawon garantin batir da inda yake kai matattun batura. Alamar SON ko lambar NAFDAC kuwa, wanda bai samu ba kada ya kusance ta.

Hotunan su zama na wurin aikin ne na gaskiya, ko da rumfar kwano ce. Hoton da aka kwaso na wasu Turawa suna dasa itace ba ya sayar da murhu a Gusau.

Shafuka huɗu ko biyar sun isa: wanda ke bayyana kaya da farashi, da na yadda ake yin su, da na tambayoyin da aka fi yi, da na adireshi da lambar waya. A sa maɓallin da zai kai mutum WhatsApp kai-tsaye, domin a can cinikin zai ƙarasa. Wanda yake son a biya ta shafin yana iya haɗa shi da Paystack ko Flutterwave. Wanda zai sa lambar asusu kawai, ya zama asusun da sunan kamfanin ne, ba na ƙanensa ba. Duk wanda kuma yake karɓar sunaye da lambobin mutane ta fom, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kansa: ya faɗi abin da zai yi da su, kada ya karɓi abin da ba ya buƙata, kada ya miƙa wa wani.

Harshe ma abin dubawa ne. Idan masu sayen Hausawa ne, a rubuta da Hausa, a ajiye Turanci don ƙungiyoyi da kamfanoni. Wanda ya yi aikin tace rubutu a jarida ya san ɓarnar da haruffa masu lanƙwasa ke yi idan salon rubutun da aka zaɓa bai san su ba: sai ƙ da ɗ da ɓ su koma akwatuna ko alamar tambaya a tsakiyar kalma. A gwada su a waya fiye da ɗaya tun kafin a buɗe shafin. A adireshin shafin kuwa a bar su, domin mafi yawan mutane ba sa sa lanƙwasa idan suna bincike.

Bayan an buɗe

Shafin da farashinsa na bara ne ya fi rashin shafi muni, musamman a wannan zamani da kuɗin kaya ke sauyawa cikin mako. A rubuta ranar da aka sabunta farashi a ƙarƙashinsa. A riƙa ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam, a kuma sabunta WordPress duk lokacin da ya nema, domin ta tsofaffin manhajoji masu kutse suka fi shigowa. Ranar ƙarewar rajistar adireshin a rubuta ta a littafin shago, a biya tun da saura wata guda. Idan wa'adin ya wuce, kwanakin rangwame suka ƙare, sunan yakan koma kasuwa, kuma duk wanda ya riga biya shi ke da shi.