Tsohuwar Kwamfuta Na Iya Riƙe Aji Guda

Daga Wakilinmu a Gusau

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗalibin da zai taso daga Rawayya, ta Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, don zana ta a Gusau, tilas ne hannunsa ya saba da na'urar tun kafin ranar. Sai dai kayan haɗa kwamfutocin aji suna da tsada ga makarantar karkara.

To, akwai dabara. Tsohuwar kwamfutar da wani ofis ya jingine tana iya zama mai raba intanet, muddin aka sanya mata katin sadarwa guda biyu. Ɗaya zai karɓo layi daga waje, ɗayan kuwa ya miƙa shi ga akwatin da ke rarraba wayoyi zuwa sauran na'urorin. Manhajar Linux, wadda kyauta ake samunta, ita za ta tafiyar da aikin.

Amma fa sai da lura. A zare wayar wuta tukuna, kuma a taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin a ɗauki kati, musamman da hunturu, domin tartsatsin da ke taruwa a jikin mutum yana iya kashe shi. A sanya katunan ɗaya bayan ɗaya a ramukan PCI, ana gwadawa. Kowane kati a ba shi adireshi daga rukuni dabam, in ba haka ba saƙo zai rasa hanyar fita.

Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.