A Bar Tsoho Ya Shayar Da Shukarsa

Ba kowace hidima ce ke amfanin tsoho ba. A 1976 waɗansu malamai biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, suka bayyana gwajin da suka yi a wani gidan tsofaffi a jihar Connecticut ta Amurka. Kowa aka ba shi shuka a tukunya. Kashi ɗaya aka ce kowa ya shayar da tasa, ya kuma zaɓi daren da zai kalli silima. Sauran kuwa aka ɗauke musu kome, wai tausayi.

Bayan wata 18, mutum 7 cikin 47 na kashin farko suka rasu, na biyu kuwa 13 cikin 44. Rai dai na Allah ne, amma ma'aikatan gidan da kansu sun shaida 'yan kashin farko sun fi kuzari.