Lambar da Ba a Tambaya a Gida

A Tambuwal ko Kebbe, idan yaro ya samu gurbin karatu a jami'a, labarin yakan zagaya dangi tun kafin ya gama haɗa jaka. Idan kuwa jami'ar ta sallame shi saboda faɗuwa, ana iya shekara guda mutanen gidansu ba su ji ba. Wani ma yakan ci gaba da karɓar kuɗin rajista da guzuri, ya hau mota zuwa Sakkwato, ya raɓe a ɗakin abokai, sai ranar da 'yan ajinsu suka tafi bautar ƙasa asiri ya tonu. Daga nan a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi: wani malami ne ya tsane shi, an yi masa jifa, ba shi da uwa a gindin murhu. Alhali jami'a ba ta korar ɗalibi dare ɗaya. Kafin takardar sallama ta fito, akwai wata lamba da ta daɗe tana shela cewa ana cikin haɗari, kuma ita ce ba a tambaya a gida.

Yaran wannan yanki, daga Dogon Daji da Jabo da Sanyinna har Kuchi da Girkau, galibi hanya biyu suke bi. Wasu su nufi arewa ta Shagari da Bodinga zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ko Jami'ar Jihar Sakkwato. Wasu su gangara Aliero, inda jihar Kebbi ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a 2006, ko su wuce jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. Kowace tana da kundin dokokinta, amma ƙashin bayan dokokin ɗaya ne, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke shimfiɗa mafi ƙarancin ƙa'idar da kowa zai bi. Ta fara fitar da irin wannan ƙa'ida a 1989, ta kuma ƙaddamar da sabon tsarin manhaja a ƙarshen 2022.

Dattawanmu sun saba da wani tsarin karatu dabam, kuma nan ne rashin fahimtar ya samo asali. A makarantar zaure, almajiri yana iya shekara uku a kan Iziyya ko Risala, malam bai kore shi ba. Mai kaifin ƙwaƙwalwa ya wuce, mai nauyin fahimta ya bi a hankali, in dai bai daina zuwa ba yana nan a cikin ɗalibai. Saboda haka uba yana ganin ɗansa na tafiya makaranta yana dawowa hutu, sai ya ɗauka karatu na tafiya. Jami'a kuwa da agogo da ma'auni take aiki.

Ga yadda ma'aunin yake. Kowane kwas yana da nauyinsa, wanda ɗalibai ke kira yunit, yawanci biyu ko uku. Makin kwas ɗari ne: talatin zuwa arba'in daga gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango, saura daga babbar jarrabawa. A tsarin da ya fi yaɗuwa, wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, darajarta 4. C daga 50 zuwa 59, tana da 3. D daga 45 zuwa 49, tana da 2. E daga 40 zuwa 44, tana da 1. Abin da ya gaza 40 F ce, sifiri. Sai a ninka darajar da nauyin kwas ɗin, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ɗalibi ya yi wa rajista. A ce yaro ya ci B a kwas mai yunit uku, D a wani mai uku, C a mai biyu, ya faɗi a mai biyu. Ya tara 12 da 6 da 6 da sifiri, 24 ke nan, a raba da 10, ya tashi da 2.40. Wannan na zango ɗaya ne. Idan aka haɗa duk zangunan da ya yi tun shigarsa, sai a samu CGPA, wato matsakaicin makinsa na gaba ɗaya. Da ita ake yanke darajar digiri: 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama, 1.50 zuwa 2.39 ta uku. Da ita kuma ake yanke wanda zai zauna da wanda zai tafi.

Abin da sabon shiga bai cika ganewa ba shi ne F ba ta gogewa. Kwas ɗin da aka faɗi ya zama kari-oba, dole a sake shi a shekara mai zuwa, kuma ko an ci A a karo na biyu, a galibin jami'o'inmu tsohon sifirin yana nan a cikin lissafi, yana jan lambar ƙasa har ranar fita. Haka kwas ɗin da aka yi wa rajista ba a zauna jarrabawarsa ba, ba tare da uzurin da aka amince da shi ba, sifiri ne. Ga dokar halarta: wanda bai kai kashi 75 cikin ɗari na zuwa aji ba, malami yana da ikon hana shi shiga jarrabawa. Sannan akwai iyakar abin da ɗalibi zai ɗauka a zango, yawanci yunit 24, kuma kari-oba ake fara sakawa kafin sababbin kwasa-kwasai. Tamkar mai bashin taki ne a damina: kafin ya kai hatsi rumbu, sai ya fara auna wa mai bashi na bara. In bashin ya yi yawa, kwasa-kwasan bana su rasa wuri, a tura su baɗi, daga nan sifil-oba ta samu, 'yan aji su fita su bar mutum.

Gargaɗin farko na hukuma shi ne furobeshan. Idan shekarar karatu ta ƙare lambar ɗalibi tana ƙasa da iyakar da aka yanka, sai a ba shi shekara guda ta gwaji. Iyakar a wasu jami'o'i 1.00 ce, a wasu 1.50, musamman waɗanda suka daina bayar da digirin da ke ƙasa da daraja ta uku. Kundin ɗalibai na kowace jami'a shi ke faɗin tata, kuma ana raba shi ga sababbin shiga, sai dai kaɗan ke buɗe shi. In shekarar gwajin ta ƙare bai haura ba, a umarce shi ya bar kwas ɗin, ko ma jami'ar baki ɗaya. Hukuncin ba na malami ɗaya ba ne. Sakamako yakan bi ta taron sashe, ya je na tsangaya, sannan majalisar malaman jami'a, sanet, ta sa hannu. Wannan ya sa zancen "wani malami ne ya kore ni" ba ya shiga kunnen wanda ya san aikin. Malami mugu yana iya kayar da ɗalibi a kwas ɗinsa, kuma ana samun haka, amma kwas guda ba ya kai mutum ƙasa da 1.00.

Mu ɗan tsaya a kan lissafin furobeshan, domin yana da abin tsoro, yana da na kwantar da hankali. Yaron da ya ɗauki yunit 36 a shekarar farko ya tara maki 32 kacal, lambarsa 0.89. Idan iyakar 1.00 ce, kuma ya sake ɗaukar 36, maki 40 yake buƙata, abin da ko mai D da E zai iya haɗawa. Idan 1.50 ce, yana buƙatar 76, wato matsakaicin da ya ɗan haura D. Duka biyun masu yiwuwa ne ga wanda ya farka da wuri. Abin tsoron yana can gaba: yadda yunit ke taruwa, haka lambar ke ƙara nauyin motsi. Ƙoƙarin aji huɗu ba ya ɗaga ta kamar yadda ƙoƙarin aji ɗaya zai yi. Kuma aji ɗaya shi ne lokacin da ɗan Kebbe ko Tambuwal ya fi rauni. Ya fito daga sakandaren da wataƙila da Hausa aka fi yi masa bayanin kimiyya, ya tarar da zaure mai ɗaruruwan mutane, malami yana zuba Turanci ba waiwaye. Yana neman makwanci, yana koyon dafa wa kansa abinci, wani lokaci sunansa ya fito a makare har an yi gwajin farko bai iso ba. Da yawa daga waɗanda ake sallama a aji biyu ba daƙiƙai ba ne, watanni huɗun farko ne suka ci su.

Akwai kuma agogo. Digirin shekara huɗu ana ba shi ƙarin rabin wa'adinsa, ya zama shida. Wanda bai gama ba a nan, ko saura kwas ɗaya, doka ta ba jami'a damar rufe fayil ɗinsa. Shekarun karatu ake ƙirgawa, saboda haka yajin aikin malamai, irin na wata takwas da ƙungiyar ASUU ta yi a 2022, ba ya shiga lissafin. Sai dai yana cin shekarun haihuwa, kuma wanda ya haura talatin kafin ya kammala, takardar yafewa ake ba shi maimakon bautar ƙasa. Tsarin yunit da CGPA daga Amurka aka aro shi, kuma can ma ɗalibin da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya ana buƙatar ya riƙe matsakaicin C, ya gama cikin wa'adi ɗaya da rabi. Masu karatun likita nasu ya fi tsanani: makin wucewa 50 ne, ana ba da damar sake zama ko maimaita aji, in aka ci gaba da faɗuwa a mayar da mutum wani sashe.

A ganina dokar ba ta da zalunci. Inda ake da rauni shi ne bibiya. A takarda, kowane aji yana da malamin da aka ɗora wa kula da shi, lebul kodineta, wanda ya kamata ya zauna da ɗalibi ya duba sakamakonsa kafin ya sa hannu a takardar rajista, ya ce masa rage kaya, ko sauya hanya. A aikace malami ɗaya yana iya riƙe ɗalibai ɗaruruwa, ga darussansa, ga nasa binciken, sai sa hannun ya zama al'ada kawai. Idan kuma sakamako ya makara har aka yi nisa a zango na gaba, gargaɗin ya zo bayan an riga an maimaita kuskuren. Jami'ar da ke da ikon sallama, haƙƙi ne a kanta ta fitar da sakamako a kan kari, ta kuma kira mai rauni tun a zangon farko, kada a bari sai ya ga sunansa a allon sanarwa.

Ƙofofin tsira suna nan, sai dai duk kafin jarrabawa ake buɗe su. Wanda rashin lafiya ta kama, ko mahaifinsa ya rasu nauyin gida ya dawo kansa, ko matsalar tsaro irin wadda ta taɓa ƙauyukan Kebbe ta tayar da iyalinsa, ko ɗalibar da haihuwa ta zo mata a tsakiyar zango, yana iya rubuta takardar neman ɗage karatu ta hannun shugaban sashe. In an amince, wannan lokacin ba ya zama sifiri a kansa. Takardar asibiti sai asibitin jami'a ya tantance ta, kuma a kai ta da wuri. Wanda ya tafi gida shiru, don noman damina ko don kuɗin rajista bai samu ba, shi ne ke faɗawa rami biyu: kwasa-kwasan da ya yi wa rajista su zama F, in kuma ya wuce wa'adin da doka ta yanka bai yi rajista ba, a ɗauka shi ya janye da kansa. Akwai damar sauya kwas a cikin jami'a, in sakamakon sakandare ya dace kuma sashen da ake so ya karɓa. Yaron da aka tura kimiyya don dangi na son a ce suna da likita, alhali zuciyarsa na wajen tarihi ko Larabci, gara ya sauya a ƙarshen aji ɗaya. Wanda kuma ya tabbata an zalunce shi a maki, akwai hanyar neman a sake duba takardarsa, ana biyan kuɗi, a ba wani malami dabam ya duba. Sakamakon da ya ɓace, ofishin jami'in jarrabawa na sashe ake kai kukansa a rubuce, a riƙe kwafi.

Saura gida. "Ya karatu?" tambaya ce da amsarta ke shirye: "Lahiya lau, Baba, sai godiya." Uban da ya sayar da buhun albasa ko rago ya biya rajista yana da haƙƙin ya ce a nuna masa takardar sakamako kowane hutu. In bai iya karanta ta ba, ba a rasa malamin firamare ko wani tsohon ɗalibi a unguwa da zai duba masa abu uku: nawa ce lambar, kari-oba nawa ne, kuma me aka rubuta a layin ƙarshe. Sharaɗin shi ne kada duba takarda ya zama zaman kotu. Yaron da ya san F ɗaya za ta jawo masa tsinuwa a gaban ƙannensa, ɓoyewa zai yi, kuma ɓoyon ne ke mayar da kwas biyu su zama takwas. Ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomi, waɗanda suka fi ba da ƙarfi ga bikin tarbar sababbi da na yaye tsofaffi, su ma suna da aikin yi: 'yan aji uku su zauna da 'yan aji ɗaya kafin gwajin farko, su koya musu wannan lissafin da alƙalami da takarda.

Wanda aka riga aka sallama kuwa, ya san cewa sallamar faɗuwa dabam take da korar satar jarrabawa ko ta rashin ɗa'a. Ba ta hana shi sake zama jarrabawar JAMB ya nemi wani kwas. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi tana Sakkwato, ta Waziri Umaru tana Birnin Kebbi, ga kwalejojin ilimi, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ga wanda zai haɗa karatu da gona ko kasuwa. JAMB sau ɗaya take sayar da fom a shekara, galibi a farkonta, saboda haka wanda ya ɓoye labarin har lokacin ya wuce, ya ƙara wa kansa zaman shekara guda.