Romiyo da Juliyet: Darasin Verona ga Gwantu da Kafanchan

Fiye da shekaru 400 ke nan da William Shakespeare ya rubuta wasan kwaikwayon Romiyo da Juliyet, wanda aka fara bugawa a Ingila a 1597. Akasarin masu karatu suna ɗaukarsa labarin soyayya zalla. Amma wanda ya san tarihin Kudancin Kaduna zai ga wani abu daban: yadda gabar manya da sakacin masu riƙe da amana ke cinye yaran da ba su san mafarin rigima ba.

Wasan ya gudana ne a birnin Verona na Italiya, inda gidan Montague da gidan Capulet suka daɗe ba sa ga maciji. Har ƙarshen wasan marubucin bai faɗi abin da ya haɗa su ba. Barori ma faɗa suke yi a titi don kawai sun tarar ana yi. A cikin wannan ƙura Romiyo, ɗan Montague, ya haɗu da Juliyet, 'yar Capulet, wadda ba ta cika shekara 14 ba. Cikin kwanaki biyar kacal suka haɗu, suka yi aure a ɓoye, suka mutu.

Garaje halin Romiyo ne tun farko. Da safe yana kukan son wata yarinya, Rosalin, da dare ya manta da ita. Wannan zafin kai ya sa shi kashe Tybalt, ɗan'uwan Juliyet, don ɗaukar fansar abokinsa Mercutio, aka kore shi zuwa Mantua. Juliyet kuwa, duk da ƙuruciyarta, ita ce ta yi tsoron saurin al'amarin, ita ce kuma ta nemi a ɗaura aure.

Manya ne suka fi ɗaukar alhaki. Mahaifin Juliyet ya fara da cewa a jira shekara biyu kafin a aurar da ita, daga baya ya tilasta mata auren Paris, dangin sarki, cikin kwana uku, da barazanar korarta daga gida. Uwar goyonta, wadda ta yi ta kai saƙo tsakanin masoyan, ta juya mata baya da wuya ta yi wuya.

Fada Lawrence, limamin cocin da ya ɗaura auren, niyyarsa ta alheri ce: yana fatan auren ya kashe gabar. Sai dai ya yi sulhun a bayan fage, ba da sanin iyaye ko hukuma ba. Da asiri ya kusa tonuwa, ya ba Juliyet maganin da zai sa ta zama kamar gawa, ya rataya rayuka biyu a kan wasiƙa guda. An tsare ɗan aiken a wani gida saboda zargin annoba, wasiƙar ba ta isa Mantua ba, labarin mutuwar ƙarya ya riga ta. Duk ma'aikacin da takarda ta taɓa kwana a teburinsa ya san nauyin wannan.

Shi ma Sarkin Verona ya yi gargaɗi ba tare da kashe wutar daga tushe ba. A ƙarshe ya amsa laifin kau da kai, bayan ya rasa danginsa biyu. Mutum shida suka mutu kafin dattawan gidajen biyu su yi musafaha a kan gawar 'ya'yansu.

Kudancin Kaduna ta san irin wannan ihu bayan hari. Rikicin Maris 1987 ya faro ne tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. Gwantu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sanga, ta ga nata a Nuwamba 2001. Bayan zaɓen 2011 wuta ta sake tashi a Kafanchan da Zonkwa. A Maris 2016 ne al'ummomi 29 daga Sanga da Jama'a da Kaura da Kachia da Zangon Kataf suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, amma kafin shekarar ta ƙare sai da aka kafa dokar hana fita a wasu sassan yankin.

Matasan yankin suna haɗuwa a aji da kasuwa da filin ƙwallo, kuma zuciya ba ta tambayar ƙabila ko addini kafin ta so. Abin da wasan ke nuna wa jami'ai da hadiman shugabanni shi ne, kyakkyawar niyya ba ta wadatarwa idan sulhu ya tsaya a ɗaki, rahoto ya makara, hukunci ya zama barazanar baki. A Verona an yi alkawarin gina wa matattun masoyan mutum-mutumin zinariya, alhali abin da suka nema da ransu bai wuce izinin iyaye ba.